Ranar da Ɗiyata Ta Ƙi Amsa Kirana

Shekarun baya, tun ina da haƙoran shan rake, muna zaune ni da maigidana a wani ƙauyen noma da ke wajen ganuwar Gozaki. Gidajen ba su kai ashirin ba, Musulmi da Maguzawa a cakuɗe, dangar wannan na jingine da ta wancan. Ƙasa ce ta zaunar da mu a wajen gari, baƙar laka mai son auduga da dawa. Amma zaman yana da nasa sharaɗin. A wancan zamanin, da zarar an kai amfani gida sai a kasa kunne, domin lokacin ne mahara ke saukowa daga arewa bisa dawakai, su kwashi abin da suka tarar, dabba ko mutum. In masu tsaro suka hango su sai a buga ganga daga cikin gari, wani irin kiɗa da ko jinjiri ya san ba na biki ba ne. Kowa ya saki abin da ke hannunsa ya nufi ƙofar gari, don ba a daɗewa ake rufe ta.

Ni dai bari in faɗa muku tun da wuri, Allah bai yi ni jaruma ba. Mahaifiyata takan ce tun ina ƙarama wani kwaɗo ya taɓa hana ni shiga ɗaki yini guda, shi yana bakin ƙofa yana hutawarsa, ni ina tsakar gida ina ihu. Da wannan zuciyar aka kai ni ɗakin miji a wajen ganuwa.

Ɗiya ɗaya nake da ita a lokacin, 'yar fari, ba ta wuce shekara biyar ba. Kun san dai yadda ake yi da ɗan fari. Ba ki kama sunansa, ba ki yi masa wasa a gaban mutane, in an yabe shi sai ki kau da kai kamar ba da ke ake ba. "Ke" nake ce mata, ita kuma tana ce mini Yaya, yadda ta ji ƙannen ubanta na kirana. Ina sonta kamar in mayar da ita ciki, amma kunya ba ta bari ko bango ya gani.

A dangar da ke bayan tamu akwai maƙwabciyata, wata Bamagujiya doguwa mai dariya da dukan jikinta. Ta girme ni, kuma ita ta koya mini yadda ake daddawa. Tana da ɗiya da ta ɗan girmi tawa, tare suke wasa, tare suke cin duka in sun yi ɓarna.

Wata shekara da kaka, da hantsi, aka buga gangar nan. Muka zuba a guje, na saɓi tawa a kafaɗa, muka shiga gari lafiya. Ɗiyar maƙwabciyata kuwa ta bi yayyenta rafi wanke ƙore. Manyan suka tsere. Ita ƙafarta ba ta kai ba, wani bisa doki ya sure ta. Har yau da nake wannan magana ba wanda ya sake jin ɗuriyarta.

Ni ko ƙwarzane ban samu ba, kaza ɗaya ba a taɓa mini ba. Amma tun daga ranar wani abu ya shiga ƙirjina ya yi kaka-gida. In ganye ya faɗo sai in zabura. In jaki ya yi kuka sai in saki ludayi. Abin da ban sani ba shi ne, tsoro in ya daɗe a ciki ba da fuskarsa yake fitowa ba, rigar faɗa yake sawa. Na zama masifaffiya ta ƙarshe. Kaji sun sha jifa, akuya ta sha zagi har da kakanninta, maigidana, bawan Allah mai sanyin hali, ya koma cin tuwonsa a zaure. Amma wadda ta fi kowa shan wuya ita ce yarinyar nan.

Na hana ta fita. Na hana ta leƙa ƙofa. In ta matsa kusa da danga sai tsawa, in ta zura ƙafa waje sai mari. In na juya ban gan ta ba, ko da tana bayan turmi ne, sai in ƙwala mata kira da wata murya da ni kaina ba na gane ta, in ta fito kuma in rufe ta da duka don ta tsorata ni. Akwai ranar da na ɗaure ƙafarta da igiya a jikin turke kamar 'yar akuya, don in samu in yi tankaɗe hankali kwance. Ina faɗa muku wannan ne fuskata na zafi. A lokacin kuwa gani nake duk ƙauyen ba uwar da ta kai ni kula da ɗa.

Sana'ata kaɗi ce, kamar kowace mace a wannan ƙasa tamu ta auduga. A gurje ta, a shiɓe ta, a zauna da mazari a ja zare. Kafin wannan abu, masaƙin garinmu har aike yake yi a tambayo ko na tara, don ya ce zarena ba ya ba shi wahala. Bayan abin, sai ga shi ya dawo mini da ƙunshi guda, ya ce a gaya mini wani wuri kamar igiyar guga, wani wuri kamar yanar gizo, sai tsinkewa yake a hannunsa. Na ce ai tsufa ne ya kama masa ido, na ƙara da wasu maganganu da ba sai na maimaita ba.

Ana cikin haka, rani ya yi nisa, mahaifiyata ta zo daga Ƙarfi ganina. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ba ta da yawan magana, amma idonta ba ya barin komai. Ta kwana biyu tana kallonmu, tana wasa da jikarta, tana ce mata "ƙawata". A rana ta uku muna zaune a inuwar ɗaki, yarinyar na gefena, kallabina ya zame, na ɗaga hannu in gyara. Kafin hannuna ya kai kaina, yarinyar ta riga ta dunƙule, ta kare fuskarta da hannu biyu.

Mahaifiyata ta aike ta ɗebo ruwa a randa, sannan ta jawo taskirata ta ɗauki mazarin, ta warware zaren tana bin sa da ɗan yatsa.

Ta ce, "Auta, wanga zare naki ne?"

Na ce, "Nawa ne, Inna. Audugar bana ce ba ta da kyau."

Ta ce, "Audugar bana lafiyarta lau. Duba nan, ya yi kauri, nan kin ji motsi a waje. Duba nan, ya sirance, nan kina tunanin abin da bai faru ba. Nan kuma kin ƙulla, kin tashi kin doki ƙawata kin dawo. Ƙarya nake?"

Na sunkuyar da kai. Na ce ai tsare ta nake yi, ko ba ta ji abin da ya samu ɗiyar maƙwabta ba?

Ta ce, "Na ji. Amma mahara sau ɗaya suke zuwa a shekara, wata shekarar ma ba su zo ba. Ke kullum kina gida."

Wannan magana ta shige ni, amma ba ita ce ta kashe mini jiki ba. Ta ajiye mazarin ta ce tun lokacin yaye ya kamata ta ɗauki yarinyar, yadda kowace kaka ke ɗaukar ɗan fari, ta bar mini ita ne don ta ga ni kaɗai ce a gida ba mai ɗebe mini kewa. Yanzu kuwa ta ga abin da ta gani. Za ta koma ta gyara wuri, in sabon wata ya kama za ta dawo ta tafi da ita Ƙarfi, can cikin ganuwa, ta riƙe ta har aure.

Ku duba inda al'ada ta matse ni. Uwa ba ta buɗa baki ta ce tana son 'yar farinta. In an ce za a ɗauke ta, abin da ake jira ki ce shi ne, "A tafi da ita mana, ni na huta." Haka kuwa na ce, da bakina, har da 'yar dariya.

Da safen da za ta tafi, ta zaunar da ni a tabarma ta ce in ɗauki mazari. Na kai hannu, ta buge shi.

Ta ce, "Ba haka na koya miki ba. Zauna tukuna. Sauke kafaɗun nan, kin ɗage su kamar kazar da ruwa ya doka. Saki haƙoranki. Ja numfashi har ki ji shi a cibiya, ki sake shi sannu, yadda kike hura garwashin da ya kusa mutuwa. In kin hura da ƙarfi toka za ki sha. Yi bakwai. Kowane ɗaya ki ambaci Allah."

Na yi, ina jin kaina kamar wata sakarya. Sai da na gama ta shafa mini alli a yatsu ta ce to, ja. Zaren ya tafi kamar kamu ɗaya sumul, sannan wani kare ya yi haushi a waje, ya tsinke.

Ta yi dariya ta ce, "To kin gani. Ba cewa na yi ki daina jin tsoro ba, wanda ba ya jin tsoro a ƙasar nan mahaukaci ne. Tsoro baƙo ne. In ya zo ki ba shi tabarma, ki ba shi ruwa, ki ji da mi ya zo. Amma ba a miƙa wa baƙo muciya ya tuƙa tuwon gida. Ke kin ba shi muciya, kin ba shi ɗaki, kin koma zaure."

Ta ɗauki ƙunshinta ta bi 'yan kasuwa ta tafi.

Kada ku ɗauka daga nan na zama waliyyiya. Kwana uku na farko ma haushi ne ya hana ni gwadawa. Na je ina yi wa maƙwabciyata ƙorafi ta saman danga, wai ni za a ƙwace wa ɗiya don ina tsaron ta. Tana sussukar dawa, ba ta ko ɗago ba. Matar nan tun da aka ɗauke ɗiyarta ta rame, dariyarta ta ragu, amma ban taɓa jin ta ɗaga wa sauran 'ya'yanta murya fiye da da ba. Sai da na gama zuba ta tsaya ta dogara da taɓarya.

Ta ce, "Aradu, ke ma kin san ina jin ku ta dangar nan. Ni da ƙarfi aka raba ni da tawa, bisa doki. Ke da hannunki kike korar taki, kullum taki ɗaya. Ni in na tuna tawa, na san ta tafi tana kiran sunana. Ke fa?"

Na koma ɗaki. Ranar na yi kukan da ban yi ba tun ranar harin.

Daga nan na fara zama. Kowace safiya bayan na share gida sai in shimfiɗa tabarma, in sauke kafaɗa, in yi numfashin nan bakwai, in ja zare. In ya tsinke in sake daga farko. Wata rana sai rana ta take tsaka ban cika rabin mazari ba. Maigidana ya leƙo ya gan ni zaune ido rufe ina huci sannu-sannu, ya tambaya a tsorace ko iska ce ta taɓa ni, a kira mai magani. Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai na tuna, na ja numfashi, na ce masa lafiya lau. Mutumin nan ya fi tsorata da wannan amsar fiye da in da na zage shi.

A hankali na fara gane zuwan abin. Yakan fara ne daga ciki, ya hau ƙirji, ya kama wuya, daga nan sai hannu ko baki. In na riga shi a ƙirji, ina iya tsayar da shi. In ya kai wuya, sai dai Allah ya kyauta. Dukan ya ragu, tsawar ma ta ragu, amma yarinyar ba ta sani ba. Ita dai ta riga ta koyi abin da na koya mata. In na shigo ta fita, in na kira ta sai ta zo a rakuɓe tana kallon hannuna. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Wata kuwa sai ƙanƙancewa yake, ina lissafin kwanakin da suka rage mini da ita.

Saura kwana huɗu wata ya kama, da azahar, maigidana ya tafi gona mai nisa saran itace, ni ina bayan ɗaki ina shanya kuka. Sai na ji gangar.

Duk abin da na koya ya bi iska. Na watsar da faifai na zagayo tsakar gida, ba yarinyar. Na faɗa ɗaki, ba ta nan. Na duba bayan randa, na duba madafa, na duba wajen awaki. Na buɗe maƙogwaro da tsohuwar muryar nan: "Ke! Ke! Ina kike? Wallahi in na kama ki sai na karya ki!" Shiru. A waje kuwa ƙafafu ne kawai ke wucewa, mata na kiran 'ya'yansu, 'ya'yan na amsawa, kowa na kama hanyar gari. Na fita na duba hanya, na dawo, na sake zagaya gidan ina kururuwa, ina rantsuwa, ina faɗin irin dukan da zan yi mata. Ba ta amsa ba.

Maƙwabciyata ta faɗo gidan da gudu, ta riga ta tura nata yaran gaba da mijinta. Ta ce mi nake jira? Na ce yarinyar, yarinyar, an ɗauke ta. Ta ce ba wanda ya ɗauke ta, mahara ba su ƙaraso ba tukuna, kuma ita tana ƙofar gidanta tun ɗazu, ba ta ga fitarta ba.

Ta riƙe ni a kafaɗa ta girgiza ni. Ta ce, "Tana cikin gidan nan, tana jin ki. Amma aradu da wagga murya ko ni ce ba ni fitowa. Ni zan tsaya a ƙofa in duba hanya. In na ce mu tafi, to mu tafi. Ki san yadda za ki yi."

Na haihu sau bakwai a rayuwata, na binne uku, na ga yunwa. Amma ban taɓa yin abin da ya kai wannan wuya ba: ganga na kiɗa, ƙauye ya watse, ƙafafuna na cewa gudu, ni kuwa na durƙusa na zauna a ƙasa a tsakar gida. Na sauke kafaɗa. Haƙorana na haɗuwa, na raba su. Na ja numfashi, ya tsaya a wuya ya ƙi wucewa. Na sake ja. Na ce, Hasbunallahu wa ni'imal wakil. Na uku ya kai ƙirji. Na huɗu ya sauka. Tsoron bai tafi ko'ina ba, yana nan zaune tare da ni, amma na ji hannuna ya dawo nawa. Ban kai bakwai ba, gaskiya, a biyar na tsaya, don ko Inna ce a wurin ba za ta ce in cika ba.

Sai na yi magana da muryar da ake tambayar mutum ko ya ci abinci. Kuma na yi abin da ban taɓa yi ba tun ranar da aka raɗa mata suna. Na kira ta da sunanta. Sunan ya fito baƙo a bakina, kamar na wani yare. Na sake kira. Na ce, "Fito mu tafi gari. Ba zan taɓa ki ba. Na rantse da wanda ya ba ni ke."

Na ji ɗan motsi ta wajen rumbu. Kun san rumbu bisa duwatsu ake ɗora shi, akwai ɗan sarari a ƙasa inda kaji ke fakewa da rana. Sau biyu na wuce ta wurin ina ihu. Sai ga kai ya leƙo, duk yana da toka. Ta jawo jiki ta fito, hannunta ɗaya a dunƙule a bayanta. Ta tsaya nesa da ni kaɗan.

Ta ce, "Yaya, ba da gangan na yi ba."

Ta buɗe hannun. Gululun mazarina ne, ɗan dunƙulen yumɓun nan da ke sa shi juyawa, ya rabe biyu. Ashe tun kafin a buga ganga ta ɗauki mazarin tana kwaikwayona, ya faɗi ya fashe, ta shige ƙarƙashin rumbu. Ta ji gangar sarai, ta kuma san ma'anarta, ai ƙawar wasanta aka ɗauke. Yarinya 'yar shekara biyar ta kwanta a cikin kashin kaji ta auna mahara ta auna uwarta, ta ga gara ta zauna.

Ban samu damar yin kuka ba, don a daidai nan maƙwabciyata ta ƙwala, "Ku taho! Ga su can bakin rafi!" Na karɓi gululun na jefar, na juya mata baya na ce hau. Ta yi turus, don tun da aka yaye ta ban goya ta ba. Na ce hau mana. Ta hau, na ɗaure ta da zane, muka zuba. Maƙwabciyata na gaba da dogayen ƙafafunta, tana waiwayowa tana zagina don in ƙara sauri. Mun isa an riga an turo ƙyaure ɗaya. Mu ne kusan na ƙarshe da suka shiga.

Maigidana ya kwana a kan itace a daji, ya dawo lafiya. Washegari da muka koma ƙauye muka tarar mahara sun kora awakin da suka samu, sun cinna wa rumbuna uku wuta. Ɗaya daga ciki namu ne. Na tsaya ina kallon duwatsun da ya zauna a kai, sun yi baƙi ƙirin. Maigidana na ta salati saboda dawar shekara, ni kuwa ko a jikina, har ya fara zargin da gaske iskar ce.

Wata ya kama, mahaifiyata ta zo kamar yadda ta ce, har da ɗan sabon zane da ta saƙo wa jikarta. Ta ji labari tun a hanya. Ta ci abinci, ta huta, ta ce to, a haɗa wa ƙawarta kayanta, gobe da sassafe za su kama hanya. Na ji abin nan ya taso daga ciki ya hau ƙirji. Na bar shi ya zauna. Na ja numfashi, na dubi ƙasa, na ce, "Inna, ki bar mini ita."

Ta ce, "Mi kika ce? Kunnena ya tsufa."

Na ce, "Ki bar mini ita. Ina son abata."

Ta tafa hannu ta ce, "La ilaha illallahu! Yau ga marar kunya. 'Yar fari guda, a gaban uwarki? Wa ya haife ki?" Tana faɗa tana dariya, idonta kuwa ya cika da ruwa. Sannan ta juya wajen yarinyar ta ce, "Ƙawata, za ki bi ni Ƙarfi? Akwai zuma, akwai ƙosai kullum, ba mai tsawa." Yarinyar ta dubi zanen, ta dubi kakarta, ta daɗe tana tunani, har na fara fidda rai, don ni kaina da zumar zan zaɓa. Sai ta matso ta kama gefen zanena ta ɓoye fuskarta a ciki. Mahaifiyata ta ce an yi mata ƙwace, ta bar sabon zanen, ta koma ita kaɗai.

Ba zan ce muku daga ranar ban sake ɗaga murya ba, 'ya'yana suna raye, za su ƙaryata ni. Tsoro ma bai rabu da ni ba, har gobe in aka buga ganga ba zato sai in firgita. Abin da na koya shi ne in tambayi kaina, kafin hannu ya tashi ko baki ya buɗe: wannan faɗan, laifin yaron ne ko tsorona ne? Sau da yawa sai in tarar yaron bai yi komai ba, ni ce ban zauna ba. Kuma tun daga lokacin, in na ga mutum mai yawan hargagi, miji ne ko mai unguwa ko uwar miji, ba na saurin cewa mugu ne. Nakan ce a raina, ko mene ne ke bin wannan bawan Allah? Mafi yawan masu cizo da na sani a rayuwata, a tsorace suke. Na kuma gane cewa tsaron da ya sa ɗanki ya kasa gudowa wurinki ranar tashin hankali, ba tsaro ba ne.

Maƙwabciyata ta rasu da daɗewa. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa yi mini gorin tsayuwar da ta yi a ƙofata ba, alhali nata yaran na gaba, kuma ta fi kowa sanin abin da ke tafe. Duk lokacin da na tuna ta sai na ji ƙirjina ya yi nauyi, don ban taɓa gode mata yadda ya kamata ba.

Ita kuwa ɗiyar tawa yanzu har ta aurar da nata. Bara ta zo mini kwana biyu, muna zaune tana tsefe mini kai, na daure na tambaye ta ko tana tuna irin dukan da na yi mata tana ƙarama, da igiyar nan, da ranar rumbu. Na shekara arba'in ina ɗauke da wannan tambaya, ina tsoron amsarta. Ta tsaya da tsifar tana tunani.

Ta ce, "Duka? Ni fa Yaya ban riƙe ba. Abin da na riƙe, akwai ranar da kika goya ni da girmana, ƙafafuna na dukan cinyoyinki, kina gudu kina ce mini kada in ji tsoro, kada in ji tsoro. Ke kuwa bayanki sai rawa yake. Na ce a raina, bari in riƙe ta da kyau kada ta faɗi."

Na ce mata ta ci gaba da tsifar, rana na yi. Allah ya taimake ni tana bayana, ba ta ga fuskata ba.